Mai ciwon hanta, kada ka bari tsokar jikinka ta zube: yadda muka yi da Yayana a Jidda

Agogon Yayana ne ya fara nuna min akwai matsala. Muna zaune a ɗakinsa bayan isha'i, ya ɗaga kofin shayi zai kai baki sai na ga agogon ya sulale daga wuyan hannunsa ya tafi har kusan gwiwar hannu, agogon da a da in ya cire sai ka ga ya bar masa shaida a fata. A lokacin kuma cikinsa ya fito sosai, 'yan gida in an kira ta bidiyo sai su dinga cewa masha Allah ƙasa mai tsarki ta karɓe shi ya yi ƙiba. Ni da nake kusa da shi na san ba ƙiba ba ce, don gefen goshinsa ya loɓa, kafaɗunsa sun yi tsini a cikin jallabiya, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango.

Da muka je mustashfa, wato asibiti, aka yi gwaje-gwajen jini da hoton ciki, aka ce ciwon hanta ne nau'in B wanda ya daɗe a jikinsa bai sani ba, har hantar ta ƙandare, abin da Larabawa ke kira talayyuf, cikin kuma ruwa ne. Toh mu abin da muka tashi muka gani a gida shi muka yi. Aka hana shi nama, aka hana shi ƙwai da madara da duk wani abu mai maiƙo, sai kunu da ruwan rake da garin gulukos, aka ce ya kwanta ya huta kar ya motsa. Wallahi da kyakkyawar niyya muka yi, matarsa har kuka take in ya ce yana sha'awar kaza. Da muka koma ganin likitar hanta sai ya kama damtsen Yaya ya matsa, ya tambaye ni me yake ci a rana, na lissafa masa ina jin na yi abin kirki, sai kawai ya girgiza kai ya ce yunwa muke kashe shi da ita a hankali. Daga ranar na zauna na nemi sanin abin nan, kuma shi nake so in rubuta don na san gidajen 'yan'uwanmu da yawa a Jidda da Makka da Madina irin abin da muka yi ake yi.

Ga abin da ban sani ba a da. Tsoka ba nama ba ce kawai da ke jan ƙashi, in tana aiki tana zuba wasu sinadarai a cikin jini masu kai saƙo ga sauran gaɓɓai, kamar yadda insulin ke kai saƙo. Wata likita a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, Bente Klarlund Pedersen, ita ta raɗa musu suna mayokain a 2003, bayan ita da abokan aikinta sun nuna cewa tsokar ƙafa mai motsi tana fitar da wani sinadari da ake kira IL-6. A jikin wanda ya yi gudun fanfalaki yakan ninka har kusan sau 100. Abin mamakin shi ne shi wannan IL-6 ɗin in ya zauna a jini kullum saboda kitsen tumbi ko cuta, alamar kumburi ce, amma in tsoka ce ta watso shi na ɗan lokaci sannan ya sauka, sai ya gaya wa hanta ta saki sukari don aiki, ya taimaka a ƙona kitse, ya kuma tayar da wasu sinadarai masu kwantar da kumburi. A 2019 a can Kofanhegan ɗin aka sa masu tumbi tuƙa keke na mako 12, kitsen cikinsu ya ragu, amma waɗanda aka ba maganin da ke toshe IL-6 nasu bai ragu ba duk da sun yi wahalar iri ɗaya.

Akwai airisin da aka gano a 2012 a ɗakin binciken Bruce Spiegelman a Jami'ar Habad, shi ya fi suna a intanet, sai dai yawancin abin da aka gani game da shi da kitsen hanta a jikin ɓeraye ne, kuma ba gwajinsa ake yi a asibiti ba, don haka bazan tsaya a kansa ba. Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne mayostatin.

Mayostatin birki ne. Tsoka da kanta take yinsa don kar ta girma ta wuce ƙa'ida. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka gano shi a 1997 a Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, kuma in ka taɓa ganin hoton wasu shanun ƙasar Beljiyam masu cure-curen nama kamar 'yan dambe, to su birkin nan ne ya lalace musu tun haihuwa. A jikin mai ƙandararriyar hanta kuwa akasin haka ke faruwa, birkin ne yake maƙalewa a take. Dalili kuwa amoniya, wani sinadari mai guba in ya taru a jini. Hanji na samar da amoniya kullum, hanta mai lafiya ta mayar da ita abin da ke fita a fitsari, to in hanta ta gaza sai amoniyar ta taru a jini, tsoka ta karɓi aikin tana shanye ta, shi ya sa wasu likitoci ke ce wa tsoka hanta ta biyu. Amma shan amoniyar nan yana da tsada, domin a 2013 rukunin Srinivasan Dasarathy a asibitin Kilibland sun nuna cewa amoniya tana sa tsoka ta ƙara yin mayostatin. Kaga ke nan, hanta ta gaza, amoniya ta hau, mayostatin ya hau, tsoka ta rame, mai shanye amoniyar ya ragu, sai ta ƙara hawa ta tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya fara ruɗewa yana barcin rana yana surutai cikin dare har a fara cewa aljanu ne. Likitoci a Japan sun bi masu wannan ciwo suka ga waɗanda mayostatin ɗinsu ya fi yawa a jini sun fi saurin mutuwa. Ita ma hantar tana mayar da martani, in mutum yana motsa jiki takan saki wani sinadari folistatin wanda ke ɗaure mayostatin, wato magana ce ke kai da komo tsakanin su biyun, mu kuma da muka kwantar da Yaya a katifa muka katse wayar gaba ɗaya.

Toh yanzu me za a yi. Fara da sanin inda kake, kuma ka manta da sikeli, don mai ruwa a ciki da ƙafa sikeli ƙarya yake masa, nama na tafiya ruwa na cike gurbin. Samu kujera mai ƙarfi marar taya, jingina ta da bango, mai ciwon ya zauna ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya miƙe ya zauna sau 5 da iya saurinsa, kai kuma kana tsaye a gefensa da agogon waya. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa tashi sai da dafawa, ƙarfin tsoka ya yi ƙasa. Yaya ranar farko sau 3 ya iya, na huɗun sai da na riƙe shi. A asibiti akwai wani ƙarfe da ake matsawa da hannu, namiji in bai kai kilo 27 ba, mace in ba ta kai 16 ba, ana ɗaukarsa rauni, ka roƙi a gwada maka. In kuma an taɓa yi maka hoton siti na ciki, a jikin wannan hoton likita zai iya auna kaurin tsokar da ke gefen ƙashin baya, ba sai an sake wani ba. A gida kuma sami tef ɗin tela ka dinga auna tsakiyar damtse sau ɗaya a wata kana rubutawa, damtse ya fi ƙafa gaskiya don ruwa bai cika taruwa a can ba.

Sai abinci, nan ne zan daɗe don nan muka fi yin ɓarna.

Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai a ƙa'idojinta na 2019 ta ce mai ƙandararriyar hanta yana buƙatar furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake da madara, giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyinsa kullum, wato ya fi na mai lafiya ma, kuma nauyin da ake lissafi da shi shi ne wanda aka cire ruwan ciki, likita zai ƙiyasta maka. Mutum mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 90. Har wanda amoniya ta taɓa ruɗa shi ba a hana shi furotin yanzu, tsohuwar koyarwa ce aka bari, sai dai a rarraba masa a yini kuma a fi ba shi na wake da madara. Lissafin ba wuya da abin da ke shagon unguwa. Ƙwai ɗaya giram 6. Kofin laban, wato nonon sha, giram 8. Kofin ful, waken nan mai faɗi, dafaffe wajen 13, na adas, ƙananan waken miya, wajen 18. Tsokar kaza dafaffiya kamar tafin hannu ta kusa 30. Ga yadda ranar Yaya ta koma: da safe ful da ɗan burodin tamis da dafaffen ƙwai biyu, da hantsi kofin laban da dabino, da rana shinkafa da kaza ko kifi, bayan la'asar ɗan wani abu ko da ayaba da zabadi, wato kindirmo, ne, da dare miyar adas ko alale ko ɗanwake, sannan na kwanciya barci. Ba ya iya cinye faranti guda saboda ruwan ya danne masa ciki, shi ya sa kaɗan-kaɗan sau 6 ya fi masa sau 2 mai yawa, ƙa'idar dai kada ya wuce awa 3 zuwa 4 ido biyu bai sa komai a baki ba.

Na kwanciya barcin nan dan Allah kar a raina shi, a ganina shi ne abu mafi arha kuma mafi amfani a duk rubutun nan. Hanta mai lafiya rumbu ce, tana ajiye sukari ta dinga sakinsa cikin dare. Wadda ta ƙandare rumbunta ƙarami ne, kafin asuba ya ƙare, sai jiki ya juya kan tsoka yana narkar da ita don ya samu sukari, har masana suka kwatanta cewa daren mai wannan ciwo guda ɗaya ba ci kamar mai lafiya ne ya yi kwana 2 zuwa 3 da yunwa. Ka duba mutumin da ya ci tuwo bayan magariba bai sake cin komai ba sai ƙarfe tara na safe, kullum jikinsa cin kansa yake. Abin da ake so shi ne kafin ya kwanta ya ci abu mai sitaci wajen giram 50 tare da ɗan furotin, misali yankan burodi biyu zuwa uku da kofin madara, ko kunun gyaɗa mai kauri, ko fura da nono marar sukari da yawa. A Okland ta ƙasar Niyuzilan an gwada a 2008, waɗanda aka ba ƙarin abincin da dare sun samu abin da ya kai kusan kilo 2 na tsoka a shekara, waɗanda aka ba irinsa da rana ba su samu haka ba. Mu alam muka sa a wayar matarsa ƙarfe goma sha ɗaya, kuma da ya dawo sallar asuba yake karyawa, ba jiran rana ta fito. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likitansa kafin ya fara don a daidaita magani. Gyaɗar kunun kuma a tsince ta, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta tana haɗuwa da ciwon nau'in B ta jawo kansar hanta.

Gishiri ne abin da ake ragewa in akwai ruwan ciki, ba nama ba. Wajen giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan a shafe, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi da taliyar leda da zaitun da turshi da cukun gwangwani da kilishin da ake aiko mana daga gida. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, a yi hankali da kunun kanwa. Ful na gwangwani a wanke shi a tsane ruwan kafin a ɗora. Amma fa kar a mayar da abincin lami har ya ƙi ci, don ƙin cin ya fi gishirin illa, a sa lemun tsami da tafarnuwa da citta da albasa. Mu na bakin teku kuma, ɗanyen abin ruwa irin su kawa da jatan lande da bai dahu ba haramiyar mai ciwon ne, ƙwayar cutar da ke ciki tana kashe masu ciwon hanta da sauri.

Yanzu motsi. Kafin komai tambayi likita ko an yi maka minzar, kyamarar da ake zurawa ta baki, an duba dawali, wato jijiyoyin da ke kumbura a maƙogwaro in jini ya kasa ratsa hanta. Yunƙuri mai ƙarfi yana ƙara musu matsi, in manya ne sai an ɗaure su ko an ɗora ka kan ƙwaya irin su furofanolol ko kabedilol kafin ka fara ɗaga wani abu. 'Yan'uwanmu da suka taso a Sudan wajen Jazira da Sinnar da Mai Wurno su ƙara kula da wannan, domin bilhariziya, cutar tsutsar da ake ɗauka a ruwan rafukan noma, tana sa dawali ko da mutum yana jin ƙarfinsa kuma gwajin hantarsa ya fito da kyau.

In an ba ka izini fara da tafiya, ko minti 10 ne, ka dinga ƙarawa har ka kai minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera karatu ba, kada ka dogara da bugun zuciya a agogo don ƙwayoyin dawalin nan suna rage shi. Zafin garin nan ba wasa ba ne, hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, mai shan maganin fitsari kuwa in ya yi gumi da yawa ƙoda ce za ta biya. Don haka bayan asuba ko bayan isha'i, a Kornish na bakin teku ko hanyar masu tattaki ta unguwa, in zafi ya yi yawa a shiga mol a zaga cikin sanyi ba wanda zai ce sai ka saya. Mu da masallaci muka fara, maimakon na ƙofar gida sai muka koma na layi na uku, sau biyar a rana tafi da dawowa ya tara abin da ba ka zata ba. Mutanen Makka ku kam Allah ya ba ku, sa'ayi kaɗai ya kusa kilomita 3, kuma ɗawafin nafila a bene tafiya ce mai kyau a inuwa, sai dai a guji lokacin turmutsitsi.

Tafiya kaɗai ba ta gina tsoka yadda ake so, sai an haɗa da abin da ke sa ta ja, sau 2 ko 3 a mako. Kujerar gwajin nan ita ce kayan aikin farko, tashi-zauna sau 8 zuwa 10, a huta, a sake. Tura bango da hannu biyu kamar za ka ture shi. Ɗaga dunduniya kana riƙe da bayan kujera. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu, a naɗe a miƙe, in ta yi sauƙi a nemi robar motsa jiki a kantin magani. Abu ɗaya da ba a sassauci a kai shi ne riƙe numfashi, fitar da iska lokacin da kake ɗagawa, in abu ya yi nauyin da sai ka cije ka yi nishi to ya fi ƙarfinka, ajiye. Kar a yi da yunwa, a ci ɗan wani abu kafin da bayan. Wanda cibiyarsa ta ɓullo saboda ruwa ya bar duk abin da ke matsa ciki.

Direbobi da masu gadi da masu zaman shago, ku kuna cikin haɗari ko da ba ku da nau'in B, don akwai ɗaya ciwon da ya fi yawa yanzu, kitsen hanta, wanda kusan mutum 1 cikin 3 na manya a duniya ke da shi kuma yankin nan na Gabas ta Tsakiya yana cikin na gaba-gaba. Mutum ya wuni a mota, ya ci kabsa ko bukhari ya kora da lemun kwalba, shayi kuma sukari cokali uku. Ba banza ba gwamnati ta sa harajin kashi 50 kan lemun kwalba da kashi 100 kan na ƙara kuzari a 2017. Tsoka tana kwashe babban kaso na sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, in ta yi ƙaranci ko ta zauna ba aiki sai ragowar ta nufi hanta ta zama kitse. A Niyukasil ta Ingila a 2011 an sa masu kitsen hanta ɗaga ƙarfe na mako 8, kitsen hantarsu ya ragu da kashi 13 alhali sikeli bai motsa ba. Rage nauyi ma yana aiki, kashi 5 na nauyinka yana rage kitsen, 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin, daga 10 zuwa sama har tabon yana iya ja da baya. Sai dai a rage a hankali ana cin furotin ana motsi, wanda ya rage ta hanyar yunwa zalla ko ya dogara da allurar rage ƙiba kawai yana zaune, har da tsoka yake zubarwa. Mata masu aikin gida ku ma ban manta da ku ba, na san za ku ce ai wuni muke a tsaye, gaskiya ne, amma sau nawa abincin yinin ya wuce shayi da burodi da ragowar shinkafa? Ƙwai biyu da kofin laban ba su fi ƙarfin riyal kaɗan ba. Gahawa marar sukari kuma a sha, bincike da yawa ya nuna masu shanta hantarsu ta fi samun sauƙi.

Maganar azumi tana da nauyi a zuciya, Yaya ya yi hawaye ranar da aka ce masa bana ba zai yi ba. Mai kitsen hanta kawai yawanci yana iya azuminsa, ma yana iya amfana in bai rama da sambusa da luƙaimat ba. Amma wanda ya kai ga ruwan ciki ko shawara a ido ko aman jini ko ruɗewa, sama da awa 12 ba ci ba sha ba lokacin shan magani, ga abin da na faɗa na narkewar tsoka, likitoci suna hana shi. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, a je wa likita tun Sha'aban a ji matakin ciwon, sannan a je wa malami a ji hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Wanda aka yarje masa ya jinkirta sahur har ƙarshen lokaci, ya sa ƙwai ko ful ko zabadi a ciki, ya motsa jiki bayan tarawihi ba kafin shan ruwa ba.

Duk wannan fa ba ya maye gurbin maganin asalin ciwon. Mai nau'in B da aka ɗora kan tenofobir ko entekabir kada ya tsayar don ya ji sauƙi ko don ya tafi hutu gida, tsayarwa kwatsam tana iya tayar da ciwon da ƙarfi, ya tafi da isasshe. Nau'in C yanzu ana warkewa da ƙwayoyi na mako 8 zuwa 12. Mata da 'ya'ya da 'yan ɗaki ɗaya a gwada su, wanda bai da shi a yi masa rigakafi. Laktulos, ruwan zaƙin nan da ake bayarwa, aikinsa fitar da amoniya ta bayan gida, ana so a samu mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, kuma tunda amoniya ce ke take birkin tsoka kaga shi ma yana cikin lissafin. Ciwon jiki bayan motsi kada a sha ibufurofen ko diklofenak, suna taɓa ƙoda kuma suna jawo zubar jini, farasitamol ne ake yarda da shi kuma kar ya wuce giram 2 a yini. Samari masu zuwa jim, allurai da ƙwayoyin kumbura ƙirji da ake sayarwa a ɓoye suna lalata hanta da kansu. Haka jiƙe-jiƙen da ake aiko mana a gora ba suna ba awo, na san mai aikowa ƙauna ce ta sa, amma hantar da ke fama ba ta da ƙarfin tace abin da ba a san ko mene ne ba. Duk wanda ya tallata maka kwalbar da wai tana kashe mayostatin ko tana ƙara airisin, riƙe kuɗinka ka sayi kiret ɗin ƙwai. In ana zargin ƙarancin bitamin D ko zinki, wanda ya yi yawa a masu wannan ciwo, gwaji ake yi likita ya rubuta.

In kuka ga aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko mutum ya fara ruɗewa bai gane mutane, ko zazzaɓi da ciwon ciki ga mai ruwa, ba maganar kujera ko kunu, a kira motar asibiti a lamba 997 nan take. Kada tsoron kuɗi ko na takarda ya sa a zauna da mai aman jini a ɗaki ana jiran gari ya waye. Tambayar da ba ta gaggawa ba kuma akwai 937 na ma'aikatar lafiya.

Yaya bai warke ba, hantar tana nan yadda take kuma duk wata 6 muna zuwa hoton ciki don sa ido kan kansar hanta. Amma yanzu yana tashi sau biyar ɗin nan cikin daƙiƙa 13 ba dafawa, yana sallarsa a tsaye, kuma tun da muka gyara cin dare da laktulos bai sake kwanan surutai ba. Wani ɗan littafi muke da shi na riyal biyu, kowane shafi mako ɗaya, matarsa na rubuta abin da ya ci da sau nawa ya zaga, ni ina rubuta daƙiƙun kujera ranar Juma'a da awon damtse farkon wata. Ranar ganin likita da shi muke tafiya, kuma kafin mu fito sai na tabbatar na tambayi abu uku, nawa ne nauyinsa in an cire ruwa, yaushe ne minzar na gaba, kuma akwai abin da aka canza a magani da zai hana shi motsi.